Lambar da ba ta san sunan kowa ba

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin shekarar da aka ɗauke ni daga Anka aka jefa ni Bukkuyum. Nasiru na cewa bakina ne ya ja mini. Rabi na cewa taurin kai ne, wai ta san inda ta gado nata. Babbar yayarku kuwa ba ta cewa komai, domin har yau ba ta gama hucewa da rashin zuwana sunan ɗanta na fari ba, kuma shirun nata ya fi maganarku ku biyu ci mini rai. To ban musa ba. Ina da baki, ina da taurin kai, sunan kuma ban je ba. Amma tunda idona ya fara gajiya da karatu, gara in zauna in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, kada wata rana ku gaya wa jikokina cewa kakarsu faɗa kawai ta iya.

Aikina kun san shi, ɗakin kati. In rubuta sunan mara lafiya, in ba shi kati, in ajiye takardarsa inda za a same ta. Ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Kuna Gummi da babanku, ni ina Anka, ina leƙo ku ƙarshen mako in mota ta samu. Haka nake har shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu. Maza suna haƙo dutsen zinariya suna kawowa cikin gida, ana niƙa shi a injin gero, ana daka shi a turmi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai yara suka soma amai, suna sanƙarewa, suna jijjiga. Wasu suka koma ga Allah. Wasu suka rayu, amma ba su ƙara gani ba, ko ba su ƙara magana ba. Daga Duza, daga Tungar Daji, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, mata suka riƙa cika mana harabar asibiti da goyo. Aikin kuwa shi ne a ɗebi jinin yaro a auna, in gubar ta yi yawa a sa shi kan magani na dogon lokaci, yana sha ana sake aunawa. Ke nan dole sakamakon da ke gaban likita ya zama na yaron da ke gabansa ne, in aka kuskure nan an kuskure duka.

Da yaran suka fi ƙarfin littafi sai aka kawo mana kwamfuta. Ɗaya a Anka, ɗaya a Bukkuyum, ɗaya a Gummi, duk suna zuba bayani ta intanet cikin ma'ajiya guda, yadda in an rubuta yaro a nan za a gan shi a can. Wanda ya tsara abin sunansa Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, magidanci mai 'ya'ya uku, mai haƙuri da tsofaffi irina. Shi ya koya mini danna maɓalli da yatsa biyu, har yau kuma da biyun nake yi. Ya shirya ta yadda kwamfutar da kanta za ta haɗa wa kowane yaro lambarsa. Takan ɗauki haruffan ƙauyensu, da farkon sunansa, da farkon sunan ubansa, da shekarar haihuwarsa, ta jera su wuri ɗaya. Ranar da ya nuna mini, bakinsa har kunne.

"Mama, duba," in ji shi. "Da kin ga lambar kin san yaron, kin san garinsu, kin san babansa. Lambar da kanta tana magana."

Ni ma ta burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Shugabanmu, Alhaji Garba, ya ce daga ranar a rufe littafi. Na ce to, sannan na ci gaba da rubuta nawa a ɓoye cikin aljihun tebur. Kada ku ce hangen nesa ne, hannuna ne kawai ya saba.

Wata Laraba da damina wata mata mai suna Kulu, daga Tungar Daji, ta zo karɓar sakamakon ɗanta. Na gane ta, domin kwanakin baya ta zo da surukarta, kuma tsohuwar ce ta yi duk maganar, ita ta ce sunan yaron Ummaru, ubansa Muhammadu. Kulu ta miƙo kati, na buga lambar, bayanin ya fito a fuskar kwamfuta: jini da sauƙi, ba ya buƙatar magani.

"Alhamdu lillahi," na ce mata. "Ɗanki lahiya lau shike. Ki tahi gida."

Ba ta motsa ba. Ta gyara yaron a kafaɗa.

"Malama, to mi as sa ba shi cin komi? Jiya ma sai da yas sanƙare."

"Zazzaɓin damina na. Ki biya wurin nas ta ba ki magani."

Ni na faɗa mata haka, da bakina, ina kallon wuyan yaron ya langaɓe. Layi ya yi tsawo, bayana yana ciwo, na gaskata gilashin kwamfuta na ƙi gaskata idona. Wannan guntun ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, kuma har yanzu in na tuna shi kunya nake ji.

Washegari da safe ina share tebur sai abin ya dawo mini. Ni na ɗora yaron nan a sikeli ranar da suka fara zuwa, na san ba shi da nauyi ko kaɗan, amma nauyin da na gani a kwamfuta na yaro ne ɓulɓul. Na jawo littafina na bi layi da yatsa. Ummaru Muhammadu, Tungar Daji. Na juya shafi biyu, ga shi kuma, Ummaru Muhammadu, Tungar Daji, shekarar haihuwa ɗaya. A gefen na farko na rubuta Kulu, a gefen na biyu na rubuta Dije, domin ni a littafina ina sa sunan uwa, kwamfuta kuwa ba ta da gurbinsa. Yara biyu ne, lamba ɗaya kwamfuta ta haɗa musu. Da aka zo shigar da na biyun ta ce akwai shi, a sabunta? Wani hannu ya danna eh. Ban san na wa ba ne, mai yiwuwa nawa. Sakamakon ɗan Dije ya hau kan na ɗan Kulu ya shafe shi. Na ruga ɗakin gwaji na sa aka tono takardar farko, ga ta da jan biro, an ja layi biyu a ƙasa: a ba shi gado nan take.

Likita ta fita ƙauye tun sassafe, sai na nufi ofishin Alhaji Garba da littafi a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Ya duba, ya sake dubawa, na ga ya sha jinin jikinsa. Amma a makon ne ake jiran baƙi daga Gusau su zo ganin sabon tsari.

"Hajiya Balki, ki bari baƙin ga su zo su tahi. Ki gyara wanga guda da hannu, sauran mu duba daga baya."

"Alhaji, guda nig gani. Ban san nawa ag ga su ba. Ba ni ƙara shigar da yaro ko ɗaya cikin abin ga sai an gyara shi. Kuma yaron ga sai na ɗauko shi yau."

"Wa yab ba ki izini?"

"Wanda yab ba ni izinin korar shi jiya."

Kun ga bakin da Nasiru ke faɗa. Na kashe kwamfutar, na ce wa abokiyar aikina ta koma littafi, na ɗauki gyalena na fita. Lissafina mai sauƙi ne. Sunan jikana gobe Juma'a ne a Gummi. In je Tungar Daji in ɗauko yaro, in ajiye shi Anka, in kama motar yamma, in kwana a gida. Har turmin zanen da na saya wa mai jego yana cikin jakata.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni a babur ta cikin taɓo, muna hawa muna sauka. A gidan na tarar da tsohuwar, da Dije tana tankaɗe, ga wani ƙaton yaro yana bin kaji da gudu. Na tambayi sunansa, Dije ta ce Ummaru ba tare da ta ɗago kai ba, domin shi ne na ukunta. Na juya ga tsohuwar na ce ta yi mini bayani.

"Sunan marigayi anka maida musu, su biyu, tunda shekara guda anka haihe su," in ji ta. "Uwayensu maza ko ɗiyana na. Wanga Muhammadu Sani, wancan Muhammadu Bello. Duk gidan ga Muhammadu na, Malama. Mi al laihi?"

Babu laifi ko kaɗan, na ce mata. Na tambayi Kulu. Ashe tun jiya da yamma ta goya yaron ta tafi gidan iyayenta, can wajen Zugu, tunda asibiti ya ce lafiyarsa lau ita kuma tana ganin yana ƙarewa. Na tsaya a tsakar gidan nan ina duban sama, hadari ya haɗo daga gabas. In na nufi Zugu, Gummi ta kuɓuce mini. Na kira babanku inda sabis ya ɗan kama, a kan wani tudu bayan gari.

"Ke Balki, ɗiyarki ta hwari, jikanki na hwari. Mi za ni ce ma mutane?"

"Ka ce musu wani ɗan hwari na nika biɗa."

Sai ya ce Allah ya tsare hanya, ya kashe. Bai yi mini magana mai daɗi ba har mako biyu, amma addu'ar ya yi ta.

Ruwa ya tare mu a bakin wani rafi, dole na kwana a gidan wasu Fulani da suka ba ni nono da tabarma. Da hantsin Juma'a, daidai lokacin da kuke rabon waina a Gummi, na isa gidan su Kulu. Yaron yana kwance a ɗakin kakarsa, idanu a juye, an shafe shi da magani. Kulu ta gan ni ta miƙe tsaye, ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce jiya sun kai shi asibitin Bukkuyum. Katin Anka ta ɓoye shi, don kada a sake ce mata lafiya lau. Aka yi mata sabon kati, aka ba ta maganin zazzaɓi, aka ce ta dawo ranar ɗibar jini. Ta miƙo mini sabon katin. Sunan yaro, Baba. Sunan uba, Maigida. Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, hawaye na zuba. Ɗan fari ne, ba za ta faɗi sunansa ba. Mijinta ne, ba za ta faɗi sunansa ba. Magatakardan ya rubuta abin da ya ji.

"Kulu," na ce, "ni nik kore ki shekaranjiya, kuma ba daidai niy yi ba. Ɗanki ba shi da lahiya. Ɗauko shi mu tahi."

Ta dube ni, sannan ta sunkuya ta ɗauke shi. Kafin la'asar yana kan gado a Anka, likita ta karanta jar takardar nan ta fara masa magani. Ta ce mini da mun ƙara kwana biyu, da sai dai a yi haƙuri. Ni kuma na tarar da takardar tuhuma tana jirana a kan tebur, wai na bar aiki ba izini, na kuma rufe kayan gwamnati.

Ranar Litinin Bitrus ya iso daga Gummi, fuskarsa ba annuri. Likita ta riga ta kira shi. Muka zauna a benci ƙarƙashin itacen bedin da ke bakin ɗakin kati, ya buɗe kwamfutarsa a cinya. Ya ce ya bincika ma'ajiyar duka, abin ya ɗaure masa kai.

"Mama, akwai wani mutum Maigida, yana da yara a kowane ƙauye. Akwai wani Malam, shi ma haka. Yara maza rututu sunansu Baba, mata kuma Inna. Me ya sa iyaye suke ɓoye mana suna?"

"Ba ɓoyewa ta ba, ɗana. Kunya ta. Mace ba ta hwaɗin sunan ɗanta na hwari, ba ta hwaɗin na mijinta. Ni ga ni nan, shekara talatin ban kira tawa da sunanta ba."

"Mu a wurinmu da sunan ɗan fari ake kiran uwa," in ji shi. "Mamata ba wanda ya san sunanta, sai Maman Bitrus."

"To ka gani. Kai ka gina lambarka bisa abu biyu da macen nan ba ta hwaɗi. Wanda anka hwaɗi kuma, rabin gari sun gama shi."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na tausaya masa, domin mutumin kirki ne, kuma bai yi don mugunta ba. Shekara da shekaru yana cikinmu, yana cin tuwonmu, Hausarsa ta fi ta wasu, amma wa zai zauna ya gaya wa baƙo abin da mu kanmu ba mu ɗauke shi abin faɗa ba? Ni da na sani, na ga lambar ranar farko na tafa masa. Ya tambaye ni yanzu me za a yi, ko a ƙara sunan uwa a cikin lambar. Na ce masa Kulu nawa ya san akwai a Tungar Daji?

"Ka ce lambarka tana magana," na ce. "Maganar tata ce tak kusa kashe yaro. Ka yi muna wadda ba ta san sunan kowa ba. Ta zan lamba kurum, ta yaro guda, har abada."

Bayan kwana biyu ya dawo da murna, wai ya samo. Ya nuna mini wani jerin haruffa da lambobi a cakuɗe, tsawonsa ya kusa cika layi. Ya ce kwamfuta ce ke ƙirƙiro shi da kanta, kuma ko duniya za ta tashi ba za a samu biyu iri ɗaya ba. Na ce madalla, to ya karanta mini shi ba tare da ya duba ba. Ya fara, ya kai na biyar ya kakare. Na ce in shi mai digiri ya kasa, ina ga Kulu, ina ga ni mai yatsa biyu? Ya yi dariya, wadda rabonsa da ita tun zuwansa. A ƙarshe ya bar doguwar a cikin ma'ajiya, inda ba mai ganinta sai kwamfutoci in suna haɗa bayani, ya yi mana gajeriya ta kan kati, harafi ɗaya da lambobi biyar.

Mun yi mako guda muna ja-in-ja a bencin nan kafin ta zauna daidai. Shi ya kawo maganar sabis. In intanet ta yanke, kwamfutar Anka da ta Gummi kowace za ta ci gaba da ƙidayarta, su ba yara biyu lamba ɗaya, mu koma gidan jiya. Sai ya ba kowace harafinta a gaba, A da B da G, kowa ya ƙirga nasa. Shi ya kawo dabarar lambar ƙarshe, wadda ya kira mai gadi. Kwamfuta ke lissafa ta daga sauran huɗun, in ka juya biyu ko ka kuskure ɗaya sai ta ƙi buɗewa. Ni kuma na kafe a kan abubuwan da na sani. Na ce kada hannun mutum ya taɓa rubuta lamba, ko nawa, sai dai kwamfuta ta bayar da kanta lokacin da aka danna ajiye. Na ce kada a fara daga ɗaya, domin matanmu za su ɗauka layi ne, mai lamba uku ta zo ta ture mai lamba tamanin, sai ya fara daga dubu. In suna ya zo iri ɗaya, ta jero su duka da sunan uwa a gefe ta bar mu mu zaɓa, kada ta sake hawa kan kowa. Sannan na ce lamba in ta fita ta fita, ko yaron ya rasu ba a ba wani. Bitrus ya ce dama haka ƙa'idar take a wurinsu. Na ce to ya ƙara ɗaure ta, domin a nan in yaro ya rasu aka haifi ƙaninsa sau da yawa sunansa ake mayar masa, uwa kuma ta zo da tsohon katin.

Likita ta tsaya mana, aka karɓi sabon tsarin. Da baƙin Gusau suka sake zuwa, Alhaji Garba ya zagaya da su yana nuna lambar kamar shi ya haife ta. Ban ji haushi ba, ko kuma in ce na ji kaɗan. Takardar tuhumata dai bai janye ba, kuma a nan yana da gaskiyarsa, na bar aiki ba izini. Wata bai cika ba aka ba ni canjin wurin aiki zuwa Bukkuyum. Kafin in tafi na je gadon Ummaru da sabon katinsa. Ya fara zama, yana shan kunu da cokali. Na karanta wa Kulu lambar sau uku, ta maimaita. Da aka zo kiran masu shan magani nas ta ɗaga murya ta karanto lambar, sai Kulu, wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce ta raɗa ba, ta miƙe a tsakiyar ɗaki.

"Nawa na! Ga shi nan!"

Duk ɗakin aka juyo ana dariya, ita ma tana yi.

Canjin da aka yi don a hora ni, shi ya ba ni aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Tsofaffin lambobin ba abin yarda ba ne, dole a bi yaran ɗaya bayan ɗaya, ido da ido, a ga wane ne biyu a lamba ɗaya, wane ne ɗaya a lamba uku. Wa zai yi? Ni mana, tsohuwar da ta tayar da maganar. Na ƙare damina da kaka a bayan babur, littafina a jaka, kwamfuta a goye kamar jariri. A can na samo ciwon bayan da kuke yi mini tsiya da shi. Na zauna a tsakar gidaje ina tambaya irin tamu: sunan wa aka mayar masa, wa ya bi wa, kakarsa tana kusa? Mun tono yaran da aka sallama alhali suna buƙatar magani, muka dawo da su. Mun tono waɗanda ake shirin fara wa magani daga farko alhali sun yi nisa. Ba duka muka cim ma ba, akwai gidajen da na shiga na tarar an riga an yi sadakar bakwai, waɗannan suna nan a zuciyata. Amma daga ranar da sabuwar lamba ta fara aiki har na yi ritaya, ban sake ganin yara biyu a lamba ɗaya ba. Matan kuma suka ɗauki abin da kansu. Wasu suka kai wa dukawa katin aka ɗinke musu shi a fata kamar laya, wasu suka haddace, har suna gasa.

Jikana sai da ya yi wata biyu na ɗauke shi. Zanen mai jego ya sha ruwa a jakata, ya yi tabo, na kai mata shi a haka. Ta karɓa ta yi godiya irin ta baƙi. Na ji zafin wannan, kuma ina ji har gobe, amma da za a maido ni kan tudun nan na bayan Tungar Daji da waya a hannu, Zugu zan sake nufa.

Shekaru suka shuɗe, aka maido ni Gummi in ƙarasa aikina kusa da ku. Lokacin ne 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, mutane suna kwararowa gari da abin da ke jikinsu kawai. Wata safiya ina can ciki ina jera takardu, sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka tana kan kwamfuta, na ji tana fama da wata mata.

"Baiwar Allah, ina katin yaron?"

"Ya ƙone da ɗaki."

"To sunansa?"

Shiru.

"Sunan babansa fa? Ki yi magana mana, layi na jira."

Na ajiye takardun zan fito in koya wa ma'aikaciyar hankali, sai na ji matar ta gyara murya ta jero, a tsanake, kamar mai biya karatu.

"A, ɗaya, ɗaya, huɗu, shidda, ukku."

Ma'aikaciyar ta buga. Na iso bayanta daidai lokacin da shafin ya buɗe. Komai yana nan, tun daga jar takardar farko, da kowane zagayen magani, da kowane gwajin jini, da gargaɗin likita cewa a riƙa duba shi duk inda ya je. Kati ya ƙone, gida ya ƙone, sun baro Anka da nisa, amma ga yaron nan cikakke a gabanmu a Gummi, ba a haɗa shi da kowa ba. Na ɗago kai. Kulu ce, ta rame, ta yi duhu, amma ita ce. Ta gane ni, ta kama hannuna da hannu biyu, muka rasa wadda za ta fara gaisuwa. A gefenta wani dogon yaro ne tsaye, da ƙurji a ƙafa, shi suka kawo a duba. Yana kallon kwamfutar da idanu masu kyau, tas da su. Saura abu ɗaya nake tsoro, domin na ga da yawa da gubar ta bari da rai ta ɗauke musu harshe. Na sunkuya daidai fuskarsa, bayana na ƙara.

"Kai, mi as sunanka?"

Kulu ta yi maza ta juya fuska bango, ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Ummaru," in ji shi, da ƙarfi, har na bayan layi suka ji. "Ummaru Muhammadu Bello. Ina aji ukku."